Kundin Yau da Kullum: Jagora ga Mai Neman Salon Kansa

Akwai wata illa da ta yawaita ga samari da 'yan matan da Allah ya sa wa sha'awar alƙalami a wannan yanki namu, tun daga Achilafiya da Karkarna har zuwa Roni da Gwiwa da Babura, ita ce kuwa, za ka ga yaro mai fasahar baki, wanda in ya zauna a dandali bayan sallar isha'i yana ba da labarin yadda aka kwashe da mai awo a kasuwa sai kowa ya yi tsit yana saurare, amma da zarar an miƙa masa takarda da biro an ce ya rubuta wannan labarin, sai harshen nan nasa ya ɓace ɓat, ya koma aron bakin mai karanta labarun rediyo, ko na littafin soyayyar da ya karanta makon jiya, har in ka duba abin da ya rubuta ba za ka shaida ɗan wane gari ne ba, balle ɗan wane gida. Abin nan da ya kuɓuce masa shi malaman adabi ke kira salo, watau alamar da ke sa a gane mai magana ko da an rufe sunansa. Ni kuwa a ganina babu wata hanya ta samunsa da ta kai wannan arha da tabbas, wato mutum ya riƙe kundi nasa na kansa, wanda 'yan boko ke ce wa dayari, yana rubuta abin da ya wakana gare shi kowace rana ta Allah, ba don idon kowa ba.

Kada wani ya zaci wannan al'ada baƙuwa ce da Turawa suka zo da ita. Wani malami Bahambale na Bagadaza, Ibnul Banna, wanda ya rasu a shekara ta 471 bayan Hijira, ya bar kundi da hannunsa wanda guntunsa ya tsira har yau, na shekarun 460 da 461, inda yake buɗe kowane wata da ranar da ya kama, sa'an nan ya bi da wanda ya rasu, da abin da ya auku a gari, da mafarkan da aka kawo masa fassara. Malaman tarbiyya kuma, tun daga Harisu Almuhasibi har Imamu Gazali a cikin Ihya'u, sun yi dogon bayani a kan muhasaba, watau mutum ya zaunar da kansa a ƙarshen yini ya yi wa ransa hisabi tun kafin a yi masa. A nan ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, a cikin Tazyinul Waraƙati da ya kammala a 1813, ya tara waƙoƙinsa yana faɗin lokaci da dalilin kowace, har littafin ya zama tarihin rayuwarsa. Kuma babu ƙauyen da za a rasa tsohon malami mai kundi a gafaka, wanda a gefen takardunsa ya rubuta ranar haihuwar 'ya'yansa da shekarar da fara ta zo.

Kafin mu shiga yadda ake yi, ya kamata mai karatu ya lura da wasu mutane biyu waɗanda maganarsu ta rayu alhali ba su nemi salo ba ko kaɗan. Ɗaya shi ne Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram, can arewa da Daura, wanda bauta ta raba da iyayensa, daga baya ya bi Bature Barth har ƙasar Turai a 1855, ya zauna yana ba wani Bature mai suna Schön labarin rayuwarsa da Hausa, aka buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. Ɗayar ita ce Baba ta Karo, tsohuwar da ta ba wata Baturiya, Mary Smith, labarinta a ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950, aka buga a 1954. Babu ɗayansu da ya karanta ilmin balaga, amma wanda duk ya karanta su zai ji kamar suna zaune gabansa a kan tabarma, don kuwa abin da suka gani suka faɗa, da kalmomin da suka saba faɗinsa, ga mai saurare ɗaya wanda ba su damu da su burge shi ba. Wannan hali shi kundi ke maido wa marubuci. Kundi kuwa ba ya rufa wa mai shi asiri: Hamman Yaji, hakimin Madagali, ya sa ana rubuta masa al'amuransa da Larabci daga 1912 zuwa 1927, layi biyu ko uku a rana, babu ado ko kaɗan, kuma a cikin waɗannan gajerun layuka, inda ake lissafa hare-harensa a kan mutanen duwatsu da bayin da aka kamo kamar ana lissafa kaya, halin mutumin ya bayyana fiye da yadda maƙiyinsa zai iya bayyana shi.

To, farkon abin bukata shi ne littafin, kuma shawarata ita ce a sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta, mai kaurin bango in an samu, kada a nemi mai tsada mai ado, domin kyan takarda yana sa hannu tsoro, har mutum ya ga abin da zai rubuta bai cancanci shafin ba. A yi rubutu da biro, ba da fensir ba, saboda fensir yana kiran mai shi zuwa gogewa. A ajiye littafin cikin leda a akwatin ƙarfe, nesa da ƙasa da jikin bango, gama gara da yoyon damina sun cinye ilmi a ƙasar nan wanda Allah kaɗai ya san yawansa. Game da wayar hannu kuwa, ban hana ba ga wanda ba shi da wani zaɓi, amma ban so ba, don ita waya ƙofarta a buɗe take ga jama'a, mai rubutu a cikinta kullum zuciyarsa na raya masa ya tura wa mutane su yaba, ga shi kuma ranar da ta faɗa ruwa ko aka sace ta, aikin shekara ya tafi. Boko ko ajami, kowanne hannunka ya fi sakewa da shi, shi ne naka. Wanda ya taso a makarantar allo kada ya ji kunyar ajaminsa, shi kuwa mai boko ya saba wa hannunsa da lanƙwasa ƙ da ɗ da ɓ tun daga ranar fari.

Sai lokaci. A zaɓi lokaci guda a lizimce shi, ko bayan sallar asuba kafin gida ya tashi, a rubuta abin da ya auku jiya, ko bayan isha'i a rubuta na yau. Manomi a tsakiyar damina, wanda ke dawowa jiki duk ya mutu, asuba ta fi masa; uwargida kuma ita ta san sa'ar da ɗakinta ke yin shiru. Rabin shafi ya isa, kuma malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa aiki kaɗan da aka dawwama a kansa ya fi mai yawa da aka yi sau ɗaya aka watsar. In kwana uku ko mako ya wuce ba a rubuta ba, wannan ba farilla ba ce balle a ce sai an rama. A buɗe sabon shafi a sa kwanan watan yau a ci gaba, don yawancin waɗanda suka bar kundi nauyin ramuwa ne ya kore su.

Kowace rana a fara da sunan ranar, da kwanan watan Musulunci da na Turawa, da wurin da ake, da layi ɗaya a kan yanayin gari: ko an tashi da hazo, ko an kwana ana ruwa, ko iskar bazara ta ɗauke jinkar wani. Wanda ya san lissafin taurarin manoma, irin su Nasara da Ɗarfa da Jabha, ya sa tauraron da ake ciki. Fa'idar wannan biyu ce. Ta farko, yana karya nauyin farawa, don hannun da ya riga ya rubuta layi biyu na abin da babu shakka a cikinsa ba ya jin wuyar na uku. Ta biyu kuwa ta wuce marubucin, domin sunayen sarakunan Kazaure tun daga Ɗantunku da ɗansa Dambo suna rubuce, ranar 27 ga Agusta 1991 da aka yanke Jigawa daga Kano tana rubuce, amma ranar da aka yi shuka a Achilafiya a wata shekara, da kuɗin kwanon gero a wannan mako, da abin da tsofaffi suka ce da aka fara shimfiɗa kwalta, in wani ɗan gari bai rubuta ba babu mai zuwa daga wani wuri ya rubuta masa.

Yanzu mun iso ga zuciyar al'amarin, watau abin da za a rubuta, kuma a nan nake roƙon mai karatu ya dakata da ni kaɗan. Tsarin da na fi amincewa da shi shi ne a gabatar da abin da ido ya gani, a bi da abin da kunne ya ji, a jinkirta abin da zuciya ta raya zuwa ƙarshe, in ma an kawo shi. Dalili kuwa, ra'ayi da shu'uri su ne wuraren da aron baki ya fi saurin shiga, tun da an riga an tanadar musu jimloli a rediyo da littattafai, mutum ɗauka kawai zai yi; amma abin da ka gani da idonka a ƙofar gidanku yau da la'asar babu wanda ya taɓa rubuta shi, tilas ka nemo masa kalmomi da kanka. Ɗauki misalin ranar da ruwa ya ɗauke bayan shuka ta fito. Mai aron baki zai rubuta: "Manoma suna cikin mawuyacin hali sakamakon ƙarancin ruwan sama." Wannan magana gaskiya ce, amma ta kowa ce, ana iya faɗinta a kan kowace ƙasa a kowace shekara. Mai kundi kuwa zai rubuta abin da ya yi kama da haka: "Hadari ya haɗo daga gabas bayan la'asar, ya yi ta rugugi, iska ta watsa shi, ko ɗigo. Baba ya dawo daga gona bai ce wa kowa komai ba, ya zauna a zaure yana gyaran ƙotar fartanya wadda babu abin da ya same ta. Inna ta rage awon tuwo." Ba a ambaci damuwa ba ko sau ɗaya, amma wa zai karanta bai ji ta ba?

Daga wannan sai sharaɗin kiran kowane abu da sunansa. Kada ka ce itace in gawo ne ko marke ko aduwa ko kanya. Kada ka ce tsuntsu in shamuwa ce ta sauka ko balbela. Kada ka ce an yi aikin gona alhali ka san binne aka yi, ko firi, ko maimai. In ba ka san sunan abu ba, tashi ka tambayi kakarka ko maƙerin unguwa ko Bafulatanin da ke kawo nono, ka rubuta sunan da wanda ya gaya maka, don ta haka ne taskar kalmominka za ta cika da abin da ke na ƙasarku. Haka kuma maganar mutane, a rubuta ta yadda ta fito daga bakinsu, da rantsuwarta da tsakurenta da inda aka yanke ba a ƙarasa ba, kada a gyara wa dillali Hausarsa ta koma ta malamin makaranta. Kowace rana a yi ƙoƙari a kamo ko jimla ɗaya da aka ji a bakin rijiya, ko a tasha, ko a cikin motar Kazaure ranar kasuwa. Sa'an nan a ari ladabin malaman hadisi wajen rarrabe abin da aka gani da abin da aka ji: ka ce "na gani", ko "wane ya gaya mini", ko "ana faɗi a gari", domin marubucin da ya saba yi wa kansa tahƙiƙi a ɓoye, maganarsa takan yi nauyi a sarari.

Abubuwan da za a guje wa kaɗan ne. Babba a cikinsu shi ne takallufi, watau ƙaƙale: doguwar shimfiɗa kafin a shiga magana, da jera karin magana uku inda ɗaya ma ba a bukata, da ɗauko kalmar Larabci ko ta Turanci mai nauyi don a nuna an yi karatu. Na biyu shi ne gogewa da yage shafi. In ka yi kuskure ja layi ɗaya a kansa yadda zai karantu, gama sau da yawa kalmar da ka fara kawowa ita ce taka, wadda ka musanya ta da ita kuwa ta aro ce. Na uku shi ne nuna wa mutane. Riya tana ɓata rubutu kamar yadda take ɓata ibada, kuma daga ranar da ka san wani zai karanta, da shi za ka riƙa magana, ba da gaskiyar abin ba.

Sai dai kasancewar kundi asiri ne bai halatta abin da shari'a ta hana ba, kuma wannan mas'ala ce da nake ɗauka da nauyi, domin a gari irin namu, inda kowa ɗan'uwan kowa ne ta jini ko ta aure, shafi ɗaya da ya faɗa hannun da bai kamata ba yana iya raba zumuncin shekara arba'in. Alƙalami ɗaya ne daga harsuna biyu, giba kuwa giba ce ko da tawada aka yi ta. Saboda haka abin da aka ba ka amana kada ya shiga kundi. Aibin maƙwabci in ba ya cikin labarinka ka bar shi. In kuwa tilas ne a ambaci saɓani, to, a sakaya suna, a rubuta abin da aka yi da abin da aka ce, a bar hukunci a kan zuciyar mutum ga Wanda ya san zukata. A kan naka halin kuwa kada ka sassauta: in hassada ka ji da aka yaba wa abokinka, rubuta hassada, kada ka sa mata wani suna. Wanda ya saba yi wa kansa ƙarya a shafin da babu mai gani, zai yi wuya ya iya faɗa wa jama'a gaskiya da daɗin ji.

Bayan kwana arba'in, ko in an fi so bayan an gama kaka, sai a zo ga muraja'a, wadda ita ce rabin aikin, ko da yake mafi yawan masu kundi ba su yin ta. Ka keɓe wuri, ka karanta abin da ka rubuta tun daga farko da murya a bayyane, ba a zuci ba, da jan biro a hannu, don kunne yana kama abin da ido ke bari ya wuce. Aikin nan kamar shiƙa yake, a ɗaga ƙwarya a bar iska ta raba tsaba da ƙaiƙayi. Duk jimlar da harshenka ya yi tuntuɓe a kanta, ko ka ji ba za ka iya faɗinta ga yayanka ido da ido ba tare da jin nauyi ba, ja mata layi, ka tambayi kanka daga bakin wa ka ɗauko ta. Duk inda kuma ka ji maganar ta sauka daidai, har ka ga wurin da mutanen sun dawo maka, yi alama a gefe. Idan ka tara wuraren nan masu alama ka dube su tare, za ka fara ganin ɗabi'un alƙalaminka: ko gajerun jimloli ne suka fi karɓarka ko dogaye, ko idonka ya fi zuwa ga hannayen mutane ko ga tufafinsu, ko raha ce ke fito maka ko tausayi. Za ka ga aibobinka kuma, kamar kalma ɗaya da ke dawowa a kowane layi, ko rufe kowace rana da wa'azi. Ka rubuta abin da ka lura da shi a shafi guda, ka ci gaba, ka sake muraja'a bayan wani arba'in ɗin.

Kada a fahimci cewa ina hana karatun littattafan magabata ko koyi da su. Marubucin da ba ya karatu rijiyarsa ba ta da zurfi. Alhaji Abubakar Imam da kansa, a cikin Magana Jari Ce, ya ɗebo labaru daga Alfu Laila da littattafan Turawa da na wasu al'ummai, amma da ya zuba su a bakin aku da fadawa da mutanen kasuwa sai suka zama tamkar a nan aka haife su, kuma da ya je Ingila a 1943 ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, idon Bahaushe ya kalli ƙasar da shi. Abin da ake aro shi ne dabara, watau yadda ake shiga labari da yadda ake riƙe mai karatu. Lafazi kuwa kowa da nasa. Ga wata jarrabawa mai amfani da za a riƙa yi a kundi lokaci lokaci: ɗauki abu ɗaya da ya faru, ka rubuta shi kamar kana gaya wa mahaifiyarka, ka sake rubuta shi kamar takarda ce zuwa ga hakimi, ka kuma rubuta shi kamar kana ba abokin wasanka. Ladabi zai sauya, tsawon jimla zai sauya, amma akwai abin da zai ƙi sauyawa a duka ukun, kamar abin da ka fara lura da shi da inda ka ga ya dace a tsaya, kuma wannan abin shi za ka riƙe.

Wata tambaya da ɗalibai kan yi ita ce ta karin harshe, tun da mu nan muna zaune tsakanin Kano da Daura da Katsina, ga kuma Nijar a arewa da Babura, kowace kasuwa da irin Hausar da ke shigo mata. Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina galibi bisa Kananci, ita ce ta jarrabawa da jarida, wajibi ne a ƙware a ƙa'idojin rubutunta. Amma a cikin kundi rubuta yadda ake faɗi a gidanku, ko da kalmar ba ta cikin ƙamus, domin in ka kore ta daga kundinka babu sauran inda za ta fake. Ranar da za ka fitar da rubutu ga jama'a ka daidaita haruffa da rabon kalmomi, amma ka yi tunani sau biyu kafin ka musanya kalmar garinku da ta birni.

Idan an yi wata shida ko shekara ana wannan, sai a gwada fitar da abu ɗaya. A zaɓi rana guda daga cikin masu alama a gefe, a kwafe ta a wata takarda dabam, a cire sunaye da duk abin da zai nuna mai shi, a ƙara abin da baƙo ke bukata don ya gane, kamar nisan gonar daga gari ko dangantakar mutanen, amma a bar jimlolin da suka rayu yadda suke, kada a yi musu kwalliya don za su fita. A karanta wa mutum ɗaya mai gaskiya, a tambaye shi inda hankalinsa ya tafi wani wuri, a gyara nan kaɗai. Shi kuwa kundin, in ya kusa cika, a bar shafi biyu na ƙarshe don fihirisa, a jera muhimman abubuwa da kwanan watansu yadda za a same su ba wahala, a rubuta lambarsa a bango tare da ranar farawa da ta gamawa, a sa shi a akwati, a kuma tabbata an sayo na biyu tun kafin na farkon ya ƙare.